Haƙorin da Bai Wuce Ƙwayar Gero Ba

Kai da kullum hannunka ke kai wa babban kayan aiki, tsaya in ba ka misali. Wani mai zanen ƙwarya ne ya sayi ɗan injin lantarki, irin wanda ake ɗaura wa haƙori a baki, yana juyawa yana cin abin da ya taɓa. Haƙoran iri-iri ne a ɗan akwatinsu: wani ƙato mai kaushi kamar magagari, wani siriri, wani kuwa kansa bai wuce ƙwayar gero ba. Ran nan sai ga wata mata da ƙwarya naɗe a zane. Ta mahaifiyarta ce, Allah ya ji ƙanta, ita kaɗai ta rage mata cikin kayan tsohuwar. Zanen da marigayiyar ta yi da wuƙa ya shafe saboda shekaru da wanki, shi take so a tayar mata. Mutumin ya ƙwanƙwasa ƙwaryar da farce, ya ɗaga ta ga rana, sai ya ga haske na ratsowa ta gindinta. Ya san in ta fashe ba a sayo wata.

Maƙwabcinsa masassaƙin turmi ya leƙo, ya ga ya zaɓi ɗan mitsitsin haƙorin, ya kwashe da dariya. "Haba malam, sakace za ka yi mata? Ɗaura babban ka gama kafin a ɗauke wuta!" Mai zanen ya ajiye ƙaramin. Ya ɗaura babban, ya taɓa wata tsohuwar sakaina da shi. Kafin ƙiftawar ido ya huda ta, ta dare biyu. Mai turmi ya daina dariya. Mai zanen ya mayar da ƙaramin, ya rage gudun inji, ya bi sawun wuƙar tsohuwa a hankali yana hure gari. Aka ɗauke wuta, ya jira. Aka kawo, ya ci gaba. Kwana uku cur! Da matar ta dawo, ta bi zanen da babban yatsa har ta kai wani layi da ya karkace, wanda bai yarda ya miƙe shi ba. Hawaye ya zubo mata. "Nan ne wuƙar Inna ta goce," in ji ta, "ranar ina zaune a gefenta."

To ka ji. Ba a banza Bahaushe ya ce ƙaramin goro ya fi babban dutse ba.