Buhu Uku Ranar Kasuwa

"Naja, danna mini koren nan. Ya sake tare mini muryar babanki."

Naja'atu ta miƙa babban yatsa ta danna, idonta na kan kwamfuta. Muryar marigayi Malam Abdulhakeem ta ci gaba da karatun Alƙur'ani, Inna Hajo ta koma ɗaki rungume da tsohuwar wayarsa. Tun da ya rasu farkon damina, wayar ce abokiyar hirarta. Can bakin titin Gaya 'yan kamasho suna ta kiran Ajingi, domin yau kasuwa.

Naja'atu ta gaji, gajiya har cikin ƙashi, kuma a kan aikin da ba ita ta ƙulla shi ba.

Bara ne wasu masu tallafi suka ɗora takin ƙungiyar manoman gyaɗa ta Ajingi a kan bulokcen, wato rijistar intanet da ba a iya goge abin da aka rubuta a cikinta. Kowane buhu yana da lambarsa cikin wata kwangila mai sarrafa kanta. Wanda aka tura wa lamba a waya, sai ya je wurin kowane dillali ya ɗauki buhunsa. Masu tallafin suka ɗauki hoto, suka sha lemo, suka tafi. Yanzu ko wayarsu ba ta shiga.

Bana kuwa, duk ranar kasuwa sai buhu uku sun fice daga kason ajiya. Mako bakwai a jere. Kwangilar tana nuna ranar da suka fita, amma gwanayen da suka haɗa ta ba su koya mata faɗin ta hannun wa suka fita ba. A zamanin mahaifinta, da yake sakatare, ba a taɓa jin haka ba. In ma an ga giɓi, kafin a waiwaya ya cike shi daga aljihunsa. Shi ya sa ranar jana'izarsa har zawarawan ƙauyen Gafasa suka zo a ƙafa, suka fi dangi kuka.

Shugaban ƙungiya, Alhaji Bubayero, ya ce makullan sirri biyu na cikin waya suka rage masu ba kwangilar umarni, tunda na sakatare ya bi shi kabari: nasa da na mai tsaron sito, Baba Ɗayyabu. To wa zai nuna Alhaji da yatsa? Sai aka taru a kan tsohon. An ba shi wa'adi zuwa kasuwa mai zuwa, in gaskiya ba ta fito ba a miƙa shi ga 'yan sanda.

Baba Ɗayyabu, wanda ya yi shekara ashirin yana riƙe da sito, ya daina tsayawa a sahun gaba a masallaci. Har gida ya zo, ya tsaya a zaure yana murza hularsa.

"'Yar Malam, ke ce kika yi bokon nan. Ki fitar da ni, don Allah."

Ta ji tausayinsa ya kama ta, ta ce, "In sha Allahu, Baba."

Sai ta shiga haɗa wa kwangilar mai gadi: manhajar da za ta zuba mata ido daƙiƙa bayan daƙiƙa, da zarar buhu ya motsa ta buga ƙararrawa a wayarta. Faɗi ya fi yi sauƙi. Ranar farko ƙararrawar ta yi kuka sau arba'in, har don manomin da ya ɗauki halaliyarsa, sai da Inna ta leƙo ta tambaya ko ta fara sayar da askirim ne. Ta matse ta, ta bar mata kason ajiya kaɗai. Sai sabis ya ɗauke. Ta ƙara mata saƙon tes, ko da data ta yi gardama. Sai batirin sola ya mutu. Ta kai kwamfutar shagon caji, ta zauna a benci tana gyangyaɗi.

Ana gobe kasuwa ta gwada sau uku, sau uku ƙararrawar ta amsa cikin daƙiƙa biyu. Da la'asar aka karɓi wayar Alhaji da ta Baba Ɗayyabu, aka kashe su, Liman ya kulle a akwatinsa a gaban shaidu. In buhu ya fita gobe, tsoho ya wanku, kuma ɓarawon yana wani wuri da za a nemo.

Da safe ta yafa mayafi, ta rataya jaka. Rana dubu ta ɓarawo, ta ce a ranta, yau ta mai kaya ce. Ko wane ne, ba za ta ji kunyarsa ba.

Har ta kai bakin zaure, Inna ta biyo ta da wayar Malam.

"Kafin ki tafi, ga abin nan ya dawo. Shi duk ranar kasuwa sai ya dame ni."

Naja'atu ta danna koren, kamar yadda ta danna mako bakwai a jere. Kafin ta ɗauke yatsa, ƙararrawa ta ɓarke a cikin jakarta. Sai a lokacin ta dubi abin da ke rubuce a wayar mahaifinta: "Sadakar mako, buhu uku ga zawarawan Gafasa. An amince."