Mai Lambu da Lemon Wansa

Kafin ka yanke wa wani hukunci, zauna ka ji abin da ya sami wani mai lambu.

Mutumin nan yana da lambu a bakin fadama, kuma duk garin an san hannunsa wajen yi wa itace aure. Masu wannan sana'a ba sa shuka lemon zaƙi kai tsaye. Lemon tsami suke fara shukawa, don saiwarsa ta fi juriya, in ya tasa su tsaga jikinsa su ɗaura masa reshen mai zaƙi, su naɗe, su jira. In auren ya kama, gindi na tsami ne, sama na zaƙi. In bai kama ba, gindin ne zai yi ta toho, mutum ya shekara da shekaru yana ban ruwa, ƙarshe ya tsinki abin da ko akuya sai ta yamutsa fuska. To, reshen da mai lambun nan ya ɗaura ba a kasuwa ya samo shi ba. Wansa ne ya zo da shi daga fatauci a kudu, naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, yana ta zuzuta zaƙin irin, kuma bai ga wata damina ba Allah ya yi masa rasuwa. Tun daga nan itacen ya wuce itace a wurin ƙanin. Shi yake fara bai wa ruwa, shi yake kewayewa da ƙaya, har matarsa takan tsokane shi da cewa ko ɗansu na fari bai ga wannan gata ba.

Shekarar da itacen ya yi 'ya'yan fari, sai mura ta kama mai lambu. Shi kuwa irin mutanen nan ne da in an ce musu abu magani ne, sai su sha har da rabon maƙwabta. Aka ce lemon tsami, ya duƙufa tsotso safe da yamma. Aka ce kunun tsamiya, ya sa aka dama mai kauri. Ya ga abarba a kasuwa, ita ma bai bar ta ba. Murar ta tafi, amma ta bar shi da leɓɓa a tsattsage, harshe ja wur, cikin kumatu a saɓule. Tsami ya kashe masa haƙora, ko tuwo sai ya huce sarai yake iya kai shi baki. Duk ya san da wannan, sai dai bai ɗauke shi a bakin komai ba. A haka ya je lambu wata safiya, ya ga lemon ya ƙosa, ya kasa haƙuri. Ya tsinki ɗaya, ya yi bismilla, ya yi wa wansa addu'a, ya fere, ya tsotsa. Ruwan na taɓa harshensa ya ji kamar an zuba masa barkono a gyambo. Ya tofar, ya tsinki wani daga ɗaya gefen, ya ji ya fi na farko zafi. Da ya tsaya ya dubi ganye, ya shinshina ɓawo, da ya gane, don saninsa ya kai. Amma baƙin ciki ya riga sanin zuwa. Abin da ya daɗe yana tsoro shi ya gani: aure bai kama ba, ya ɓata shekarunsa yana yi wa lemon tsami hidima, amanar wansa kuma ta salwanta a hannunsa. Gatari na jingine a bukka. Kafin rana ta take ya sare itacen daga gindi, ya ja rassan ya toshe ɓarakar shinge da su.

Matarsa ba ta son asara, sai ta tsince 'ya'yan ta zuba a kwando, tun da maigida ya ce na tsami ne, ita kuwa tana awarar sayarwa. Kwanaki suka shuɗe, lemon tsamin da take amfani da shi ya ƙare, ta ɗauko na kwandon ta matse a tukunya. Awara ta ƙi haɗuwa. Ta ƙara matsawa, shiru. Ta lashi yatsarta, ta tsaya cak. Sai ta yanki rabi ta kai masa inda yake zaune, ta ce, "Malam, ɗanɗana wannan, ko dai bakina ne?" Lokacin nasa bakin ya warke. Ya tsotsa, ya ji zaƙin da bai taɓa jin irinsa ba a lemo, daidai yadda marigayi ya sha kwatanta masa. Ko takalmi bai sa ba ya nufi lambu, yana fatan ya sami reshe ɗaya mai sauran rai ya sake ɗaurawa. Ya tarar rana ta busar da su ƙayau, awaki sun ɓare abin da ya saura. Kututturen kuwa ya fara tohon lemon tsami, kore shar, da ƙayoyinsa, don saran ya sauka ƙasa da inda aka ɗaura auren. Ya durƙusa a gabansa ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar jana'izar wansa.

Ciwon yana bakinsa, ya ɗora wa itace. Shi ya sa Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.