Soson Ɗakin Komla

Yayana Komla ya manna soso na ƙarshe a bangon ɗakinsa, ya bugi ƙirji. "Yawa, yanzu ko ganga na buga, duk Lome ba mai ji!"

Na taɓa karantawa cewa soson nan amsa-kuwwa kawai yake kashewa, ba ya tare murya. Na ja bakina.

Kwana uku yana kulle ƙofa, yana gwada yadda zai nemi auren Akuvi, 'yar maƙwabciyarmu. Har da kukan ƙarya.

Ran Lahadi ya durƙusa gaban uwarta.

"Tashi, ɗana," in ji ta, tana dakan fufu. "Tun Juma'a na amince. Amma maimaita mana mai kukan nan, ranar Akuvi tana kasuwa."