Tukunyar da ta San Lokacin Tsayawa

Na san akwai wanda zai taɓe baki idan na ce a Zariya akwai matar da take noma a ƙarƙashin ruwa, har tana sayen iska ta ciyar da shukarta. To, ba a san ni da ƙarin gishiri ba, kuma ba da furfura zan fara ba.

Matar tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce. Mijinta ya rasu ya bar mata wani akwatin gilashi a falo, cike da ruwa, ƙananan kifaye jajaye suna kai-komo tsakanin ganyayen da ya dasa da hannunsa. Yana raye ba ta taɓa damuwa da akwatin ba. Amma da ta fita takaba ta ga ganyen ya soma rawaya yana ruɓewa, sai ta ji kamar mutumin ne zai sake mutuwa a gabanta. Ta bincika, aka ce mata shukar ruwa tana bukatar iskar kabon, irin wadda mutum yake fitarwa in ya yi numfashi, kuma ana sayar da ita a tukunya kamar gas ɗin girki. Ƙanin mijinta, wanda ya koyi wannan kiwo a wurin wansa har ya ajiye nasa akwatin, gidansa kuma yana layinsu, shi ya raka ta Kaduna.

Mai shago ya fara nuna musu kwalbar da ake zuba sukari da yis, iskar ta riƙa fita da kanta. Ta girgiza kai, domin ta san yadda ƙullin waina yake tashi a zafin bazara, babu mai ce masa tsaya. Sai ya jawo wata ƙatuwar tukunya mai sheƙi, wadda ake buɗewa a rufe da hannu. Nan take ƙanin mijin ya ce a sa masa a mota. Ita kuwa ta tsaya tana kallon kumfar iskar tana tashi ɗaya bayan ɗaya, ta tuna shekarun da ta yi a kan marasa lafiya tana daidaita ƙarin ruwa: abin da yake warkarwa a ɗige, shi yake kashewa in ya yi yawa. An riga an faɗa mata ganyen ba ya shan iskar sai fitilar akwatin tana kunne. In babu haske, taruwa take yi ta shaƙe kifi. Ta kuma san wutar unguwarsu, wadda ba ta sallama in za ta tafi. Sai ta ce, "Malam, in an ɗauke wuta ba na gida, wa zai rufe?" Sai ya ɗauko wata 'yar ƙarama mai makullin lantarki, da wuta ta ɗauke sai ta rufe kanta. Ƙanin mijin ya fashe da dariya. "Haba matar Yaya! Kin zo har Kaduna ki sayi feshin sauro?" Ta ce, "Kai dai riƙe gangarka, autan miji. Mu haɗu a gida."

Ganyen kowa ya farfaɗo, nasa ma ya fi nata duhu, bai kuwa bar ta ta manta da haka ba. Ana nan sai aka yi biki a danginsu a Funtuwa, gidajen biyu suka kwashe suka tafi da safe. Suna can taransifomar layin ta ƙone. Da suka dawo, ta buɗe falo, ta tarar fitila a mace, kumfa ta tsaya cik, kifayen marigayi suna yawonsu a tsakanin ganye ba wanda ya mutu. A gidan ƙanin mijin kuwa ƙatuwar tukunya ba ta fasa aikinta ba. Ya samu kifayensa a saman ruwa, ciki a sama.

Washegari ya shigo da bokiti, ya durƙusa ya gaishe ta ba wasa a bakinsa. Ba ta yi masa gori ba. Ta sa 'yar raga ta ɗebar masa iri daga kifayen wansa, ta ce ya je ya sake farawa. Mai shakka ya je Tudun Wada ya tambayi Malam Ɗayyabu, shi ne ƙanin mijin, kuma ba ya ɓoye zancen. Gaskiyar masu iya magana da suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.