Matar da Ta Yi wa Injin Niƙa Jawabi

An yi wata mata a ƙarshen wani ƙauye, can bayan kwari, mai ƙaramar murya. Ko sallama ta yi sai ta maimaita kafin a amsa. Ana nan aka ce za a haƙa rijiyar burtsatse guda ɗaya tak, dattawa za su zauna nan da sati uku su tsai da wuri. Matan bayan kwari suka ce ita za ta yi magana a madadinsu, don gidanta ya fi na kowa nisa da ruwa, kuma ita ta san yawan tulunan da suka fashe a gangaren nan. Suka ce ta gwada a gabansu. Ta miƙe, ta kama bakin mayafi, maganar ta maƙale mata kamar busasshen tuwo.

Washegari ta kai niƙa. Injin na ta ruri, ta lura a nan ko ihu mutum ya yi ba mai jinsa. Sai ta dubi garin da ke zuba, ta faɗa masa abin da ke ranta. Daga ranar ta daina tara niƙan sati, kwano ɗaya take kaiwa kullum, har na maƙwabta ta riƙa karɓa. Inda numfashi ya yanke mata ta rage maganar, inda ta yi tuntuɓe ta sake. Ran nan tana tsaka da yi sai injin ya mutu, muryarta ta fita fes har bakin hanya. Aka kwashe da dariya. Mai injin ya karkaɗe gari daga gemunsa ya ce, "Ƙarasa mana, baiwar Allah. Kwana goma ina ganin bakinki na motsi, na ɗauka injina kike tsine wa." Ta rufe fuska, amma ta ƙarasa.

Ranar zaman ta miƙe a gaban dattawa. Maganar kuwa ta riga ta san hanya. Ta faɗi gangaren, ta faɗi tulunan, ta faɗi mai cikin da ta zame bara. Wani tsoho da ke can baya, wanda kullum sai an maimaita masa, bai ce "me ta ce?" ba. A bayan kwari aka kafa turken alamar wurin rijiyar.

Har yau a hankali take sallama, ruwa kuwa yana ƙofar gidanta. Dama Hausawa sun ce, yau da gobe ke sa allura ginin rijiya.