Zoben da Ke Juyawa a Iska

Tunda ka ce tun da aka ba ka riƙon gidanku kai ne wuƙa kai ne nama, ga shi kuma kowa ya juya maka baya, bari in ba ka misalin wani mai naɗin wayar injuna. Maƙwabcinsa mai yankan gilashin tabarau ne ya kai masa kuka. Injin da ke juya masa gilashi idan zai shafa masa ruwan ƙyalli yana da sanda a tsakiya, sandar tana rawa, tana fesa giris, gilashi goma sai biyu su fita lafiya. Har ya fara tunanin rufe shago. Mai naɗi ya bugi ƙirji a gaban mutane, ya ce zai ƙera zoben ƙarfe da zai ɗauki gilashin ya yi ta juyawa a iska, babu abin da ke taɓa shi sai ƙarfin maganaɗisu da wutar lantarki. Mutumin gwani ne, amma akwai gaggawa. Ya samo ƙaton maganaɗisu guda, wanda sai ka sa ƙafa kake ɓanɓare guduma daga jikinsa, ya ɗaura wa zoben. Yana kunna wuta zoben ya zabura gefe guda, ya manne wa bangon injin, gilashin ya tarwatse. Sau uku ana haka. Maƙwabcin ya tsince ɓaraguzan, ya ce, "Maigida, ƙarfi dai akwai shi."

Maganar ta zauna wa mai naɗi. Ya cire ƙaton ya jefa ƙarƙashin benci, ya bi 'yan gwangwan yana tsintar ƙananan maganaɗisu daga matattun lasifikoki, kowane bai fi ƙwayar goro ba. Ya jera goma sha biyu kewaye da zoben, tazararsu ɗaya, wannan ya dubi ciki, na kusa da shi ya dubi waje. Da ya kunna, kowane ya ja nasa ɗan rabo, babu wanda ya rinjayi wani. Zoben ya ɗago, ya tsaya cak a tsakiya, sannan ya fara juyawa shiru, har maƙwabcin ya zura takarda ta ƙarƙashinsa ta fita ta ɗaya gefen. Daɗi ya kama shi, ya yi ta dariya kamar yaro. Har yau shagon maƙwabcin a buɗe yake, ƙaton kuwa da shi suke tokare ƙofa kada iska ta rufe ta.

Ka koma gida ka ba kowane ƙaninka nasa gefen ya riƙe. Hausawa sun gama magana: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.