Asun Akwatin Inna

Dokta Mahadi ya ce ya gano sabon jinsin asu, kuma a jami'a ba a cika ja-in-ja kan ƙwaron da bai kai ƙwayar shinkafa ba.

A garinsu Furfuri ya same su, cikin akwatin mahaifiyarsa, sun fara taɓa wani farin yadi. Ya kwaso yadin da ƙwarin ya kawo Gusau, ya rufe a akwatin gilashi. A cewarsa, jijiyoyin fukafukansu ba su dace da na kowane dangi da masana suka sani ba, sai dai a yanka masu gurbi nasu, a raɗa masu suna.

Dokta Zulai, abokiyar aikinsa, ta roƙi namiji guda ta duba a madubin ƙara girma. Ya ce ba su ƙosa ba tukuna. Damina ta wuce, aka yi girbi, ba su ƙosa ba.

Ƙanwarsa Huseina ba ta gaji da kira ba.

"Yaya, Inna ta ce a maido mata yadinta. Ko kunu yanzu sai da lallashi take sha."

"Ki ce mata bincike ba ya son gaggawa."

Zulai ta lura bai taɓa auna ko fiffike ɗaya ba. Iyakarsa ya zauna ya zuba ido, yana kallon ƙwarin suna ci. Rannan ya tafi aji, ta ɗauki ɗaya ta duba. Asu ne gama-gari, irin wanda ke cikin kowace adaka daga Bilbis har Tudun Wada. Ɗalibin ajin farko ma zai gane shi, balle malaminsa.

Tana neman yadda za ta faɗa masa, sai ga Huseina, idanu jajur, Mahadi na bayanta. Ko sallama ba ta ƙarasa ba ta buɗe gilashin ta ɗaga yadin. Haske ya ratsa shi ta ko'ina kamar rariya.

"Kullum Inna cewa take ta gama shiri," in ji Mahadi, kansa a ƙasa. "Na ɗauka in babu shi za ta dakata."

"Ba ta dakata ba, Yaya. Ga mutane can suna jira. Da me za mu suturta ta, ka bai wa asu likkafanin da ta wanko da zamzam?"